Malam Arzika da Injin Jirgin Nomau

Jiya da hantsi ina kishingiɗe bayan rumfa na ji ɗayanku yana faɗa wa ɗan'uwansa wai gyaran injin jirgin ruwa ba wani abu ba ne, buji ne da karbirato, in ka wanke su ka gama. Amma tunda yau kasuwa ta yi sanyi, ku ajiye wayoyin nan ku matso, in ba ku labarin mutumin da ya koya mini wannan aiki da yadda na ga yana neman ciwon inji.

Injin da ya mutu murus ba shi da wuyar sha'ani. Ko wuta ce babu, ko mai ne ba ya isowa, ko wani abu ya karye a ciki, kuma za ka gane da wuri. Wanda ke sa bakanike furfura shi ne injin da ke tashi lafiya lau, yana kuka kamar ba abin da ya dame shi, amma ƙarfi ya gudu. Mai shi zai sauke maka shi daga kafaɗa ya ce, "Ba ya ja." Iyakar bayanin ke nan. Sauran kai za ka nemo.

Maigidana Malam Arzika mutumin ƙasar Illela ne. Yana saurayi ya tafi cin rani Yawuri, ya faɗa hannun masu gyaran injin jirgi a bakin babban kogi, ya daɗe a can kafin ya dawo Konni ya kafa rumfarsa. A nan, kun sani, jirage ba su da yawa. Abincinmu na kullum injin ban ruwa ne na masu albasa daga Galmi da Dogarawa da Badagishiri, sai moto, wato babur, na ƴan kabu-kabu. Amma a madatsun ruwa da manyan tabkuna akwai Sarkawa masunta, wasunsu suna da ƙaramin injin nan da ake rataya wa jirgi a baya, kuma duk faɗin ƙasar nan a lokacin ba wanda ya san cikinsa kamar Malam Arzika. Wurinsa mahaifina ya kawo ni, na zauna har na yi aure na haihu ina ƙarƙashinsa.

Kayan aikinsa ba su cika akwati ɗaya ba. Akwai lakilen buji, wato sifanar kwance buji, wanda hannu ya goge har yana sheƙi. Akwai wani dogon turnabis, wato sukudireba, da yake kafa bakinsa a jikin inji, ya ɗora kunne a kan ƙotar, ya rufe ido. Akwai farin kwanon sha mai baƙin baki, wanda ba a shan komai da shi, na zuba fetur ne a duba. Sai tano, wato durom, da aka yanke kansa aka cika da ruwa, inda muke tsoma ƙafar inji mu tayar da shi, don injin jirgi ba a tayar da shi a busasshe, ruwan da yake ciki shi yake sha ya sanyaya kansa. Farkon zuwana aikin da ya ba ni shi ne cika tanon nan da wanke kwanon nan, kuma na daɗe ina yi kafin ya yarda na taɓa noti.

Wani masunci ya taɓa kawo inji daga madatsar ruwa, ya ce yana ba shi wuta sai ya yi ta kururuwa kamar zai fashe, jirgi kuwa yana tafiyar tsohuwa. Ni har na ɗauko lakile zan buɗe kan injin. Malam Arzika ya ce in ajiye. Ya tambayi mutumin ko ya bugi wani abu a ƙarƙashin ruwa kwanan nan. Mutumin ya ce akwai wani kututture. Malam ya ɗauki ƙusa ya ja layi ɗaya daga tsakiyar farfela zuwa fiffikenta, muka tayar da inji cikin tano muka sa masa giya, muka kashe. Da muka duba, layin ya rabu biyu, rabi nan rabi can. Robar da ke riƙe da farfela a tsakiya ce ta saki, sandar tana juyawa ita kaɗai. Injin kansa lafiyarsa ƙalau. Da mun buɗe kai da mun ɓata wa bawan Allah yini a banza, wataƙila ma mu ɓata masa abin da ba a ɓace yake ba.

Wani kuma ya zo da nasa yana rantsuwa an yi masa asiri. Inji zai tashi, ya yi tafiya mai ɗan nisa, sai ya fara shaƙewa har ya mutu. In an huta an buɗe tanki an leƙa, mai na nan, a ja igiya ya tashi garau, can gaba ya sake. Malam Arzika bai ce masa akwai asiri ba, bai ce babu ba. Cewa ya yi, "Ina tankin?" Mutumin ya ce ya baro shi a jirgi, ai ba tanki ne ba shi da lafiya ba. Malam ya ce sai an kawo. Da aka kawo washegari, sai ga leda an naɗe bakin tankin da ita an murɗe murfi a kai, wai don kada ruwan sama ya shiga. Ɗan ramin da tanki ke shan iska ta nan ya toshe, mai ya kasa sauka. Malam ya zare ledar ya miƙa masa, ya nuna masa yadda zai kifa gwangwani a kan murfin in ana ruwa. Bai yi masa dariya ba, mu ma ya hana mu yi.

Mai ma babban sha'ani ne a wurinmu. Fetur ɗin kwalba na bakin hanya wani mai kyau ne, wani an yi masa haɗi da kananzir, wani jarkar da aka ɗauko shi da ita ce ke da ruwa. Kafin ka zargi inji, zuba mai a farin kwano ka karkata shi ga haske. In da ruwa za ka gan shi a ƙasa yana birgima kamar ƙwayar ido. Sai ka tambayi yadda mai jirgi yake haɗa fetur da man inji, don wani yana ƙwauro har fistan ya ci wuta, wani yana malalawa har buji ya yi baƙi ƙirin. Sai ka duba fitsarin inji, ɗan ruwan nan da yake tsartowa ta baya. Ruwanmu na nan mai yashi ne da laka, yana cinye robar da ke tura ruwa sama. In fitsari ya yi rauni inji zai yi zafi, in ya yi zafi ƙarfi ya tafi. Sai ka sa hannu bayan farfela, sau da yawa zaren koma ne ya naɗe sandar ya shaƙe ta. Duk wannan ba ka kwance noti ko ɗaya ba tukuna.

An yi wata shekara da damana ta ƙi. Tabkuna suka ja baya har suka koma laka mai tsagewa, kifi ya mutu, tsuntsaye suka cinye. Rijiyoyin garka suka yi ƙasa, masu albasa suka rage shuka, aiki ya ɗauke mana ta ko'ina. Sarkawa suka naɗe komarsu suka bi ruwa zuwa wasu ƙasashe, waɗanda ba su iya ɗaukar injinsu ba suka kawo wa Malam Arzika ajiya. Injuna suka jeru a ɗakin bayan rumfa, kowanne cikin buhu. A shekarar nan ƴan gwangwan suka yi ta zarya, suna cewa masu kayan nan ba za su dawo ba, a sayar musu da ƙarfen a huta. A lokacin gidan Malam sau ɗaya ake ɗora tukunya, na sani don a gidan nake ci. Ya ce musu kayan mutane ne. Kowace Juma'a da safe sai mu fito da su ɗaya bayan ɗaya, mu cire buji, mu ɗiga mai a silinda, mu ja igiya a hankali don kada ciki ya yi tsatsa ya kafe, mu mayar. Muka koma gyaran fitila da keken ɗinki da injin niƙa, duk abin da aka kawo. Da ruwa ya dawo masu injuna suka dawo, wasu bayan an fid da rai da su, kowa ya tarar da nasa yana tashi.

Bayan nan ne idonsa ya fara yana. A hankali abin ya zo. Da fari ƙananan sukurori ne yake miƙo mini in ɗaura, daga baya ya zama in mutum ya shigo rumfa sai ya yi magana yake gane shi. Aikin hannu ya dawo kaina, shi kuma yana zaune a kan benci yana saurare. In na tayar da inji a tano zai ce, "Hashimu, rage mishi iska kaɗan," in rage, sai ka ji kukan ya daidaita.

Aikin da nake so ku ji ya zo ne a wata damana mai ruwa. Ƙoramar Maggiya ta cika ta batse, ta raba wani ƙauye na ƙasar Dogarawa da hanya. Wurin da rani yashi ne, da ƙafa ake ratsa shi, jakai ma ba sa tsayawa. A shekarar nan ya zama gulbi mai faɗi, jan ruwa yana gudu yana tafe da itatuwa. Likita, wato asibiti, tana wannan ƙetare na hanya, kasuwa tana wannan ƙetare, ga zazzaɓin damana ya kama yara. Sai wani Basarke mai suna Nomau, wanda muka daɗe muna yi wa gyara, ya ɗauko jirginsa daga madatsa a bayan mota ya kawo wurin yana fiton mutane, wato ƙetarar da su. Injinsa mai doki goma sha biyar ne, silinda biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa.

Da sassafe wani ɗan kabu-kabu ya tsaya ƙofar rumfa, laka har gwiwa. Sunansa Sahabi, ɗan ƙauyen ne, ruwa ya rutsa da shi a wannan gefe. Ya durƙusa ya gai da Malam.

"Baba, Nomau yac ce in zo in ɗauke ku. Injin shina rasa ƙarhi tsakiyar ruwa. Jiya saura kaɗan a yi hasara, ruwa yaj ja su har cikin itace, da mata cikin jirgi. Da rassa sunka kama sannan Allah yak kiyaye. Yanzu kowa ya ji tsoro, ga marasa lahiya can ƙetare. Har da innata."

Na ce wa Malam ya zauna, ni in je. Ya ce in ɗauko akwati. Muka hau moto mu uku, shi a tsakiya, ni a baya da akwati a cinya.

Mun tarar da jama'a a bakin ruwa, can ƙetare ma ana hango wasu tsaitsaye ƙarƙashin tsamiya. Nomau ya taryo mu, dogon mutum baƙi mai faɗin ƙirji, idonsa ja don rashin barci. Ya ce ya riga ya kira wani mai gyaran injin ban ruwa na nan kusa, ya wanke karbirato ya sa sababbin buji, amma ba ta sake zane ba. Na buɗe na duba aikin mutumin, na gaya wa Malam tsaf yake. Malam ya ce, "To, Allah shi yi mishi albarka, ya rage muna hanya."

Na bi komai kamar yadda aka koya mini. Mai a farin kwano, garau. Murfin tanki yana shan iska. Tiyo ba huda. Farfela daram, ba zare a bayanta. Muka tayar da inji jirgi na ɗaure a gaɓa, ya tashi da ja ɗaya, fitsari yana tsartuwa da ƙarfi, kuka mai daɗi. Mutanen da ke tsaye suka fara cewa ai ya gyaru. Nomau ya girgiza kai.

Malam Arzika ya sa aka zaunar da shi a gefen jirgi, ya kira Nomau kusa.

"Hiton farko na safe, shina yi?"

"A'a Baba. Na farko lahiya lau nika zuwa. Sai na juyo, ko na koma na biyu, nan shika yi."

"In zai yi, tari shika yi kamar mai ya ƙare, ko rawa shika yi?"

"Rawa. Muryar ta sake, ta yi kauri. Hannuna har kaɗuwa shikai."

"In ka kashe ka huta fa?"

"In ya huce sai shi tashi kamar ba shi ba."

Malam ya juyo wajen da yake jin numfashina. Ya ce, "Hashimu, ciwon ga ba ya hitowa sai inji ya yi zahi kuma da kaya bisa. Nan gaɓa ba mu ganin shi ko mun kwana. Sai mun shiga."

Aka cika buhuna da yashi aka jera a jirgi a madadin fasinja, aka zaɓi ƙarti huɗu da suka iya ruwa, kowa da filafili a hannu. Na ɗauka ni kaɗai zan shiga. Sai na ga Malam yana tuɓe babbar rigarsa yana naɗewa.

Nomau ya ce, "Baba, ka iya ruwa?"

"Ban iya ba."

"Duk zaman da kay yi Yawuri?"

"Rumfa nike, ba cikin kogi ba."

Nomau ya ce wallahi ba zai ɗauke shi ba. Ni ma na sa baki, na ce ya bari in je in dawo in faɗa masa abin da na ji. Ya ce abin da zan faɗa masa bakina ne zai ji, ba inji ba. Ya ce mata da yara sun shiga jirgin nan jiya ba su iya ruwa ba, gobe ma su za su shiga. Aka kawo jarka babu komai ciki aka toshe bakinta, aka ɗaura masa a ƙirji da igiya, aka zaunar da shi a baya dab da inji, rigarsa a kan cinya. Na cire murfin inji na ajiye, na zauna gefensa na riƙe igiyar jarkar.

Muka ƙetare lafiya. Mutanen ƙetare suka taso suna murna, Nomau ya ɗaga musu hannu ya ce su dakata. Muka juyo, muka iso, muka sake komawa. Malam kuwa kansa a karkace, tafin hannunsa a jikin inji. Muna isa inda ruwa ya fi gudu, sai na ji abin da Nomau ya faɗa. Kukan ya faɗo, ya yi kauri, jirgi ya ɗauki rawa. Nan take hancin jirgi ya fara karkata, gaɓar da muke nufa ta fara wucewa ta gefe. Can ƙasa ana hango itatuwan da suka kama su jiya, ruwa yana tafasa a gindinsu.

Nomau ya kai hannu zai ƙara wuta. Malam ya ce, "Kak ka ƙara! Riƙe shi nan inda shike. Juya hanci ga ruwa. Ku kuma ku tuƙa."

Ƙartin nan suka duƙa da filafili. Malam ya kai bayan yatsunsa gindin bujin sama, ya janye da sauri. Ya kai na ƙasa, ya ɗan daɗe.

"Na ƙasa ya kwanta. Silinda guda ka aiki."

Na ce, "Baba, bujin sabo ne."

"Na sani. Yi shiru."

Ya sunkuya ya kai kunnensa kusa da inji, kusa har na ji tsoro, don faifan ƙarfen da ke saman inji yana juyawa ba murfi, in ya kama gemu ko tsumma ba ya saki. Na riƙe shi ta kafaɗa. Ruwa yana dukan jirgi, mutane suna ihu daga gaɓa biyu, inji yana ruri, ni ban ji komai ba sai hayaniya. Shi kuwa ya ɗago ya ce, "Akwai abin da ka yin tas, tas, tas. Wuta ce ka tsalle. Amma ban san inda take hita ba."

Rana tana tsaka, haske ko'ina, ba mai iya ganin tartsatsi a wannan haske. Sai ya warware babbar rigarsa, ya miƙa wa ɗaya daga cikin matuƙan gefe guda ya ce ya ɗaga sama sosai ya ja da ƙarfi, shi ya riƙe ɗaya gefen, suka yi wa injin rumfa ta gefen da buji suke, nesa da faifan.

"Hashimu, idona ya tahi, naka na nan. Sa kanka ciki ka gaya mini."

Na saki kafaɗarsa na cusa kai ƙarƙashin rigar. Zafi da hayaƙi suka buge ni, ido ya yi ruwa. Da duhun ya zauna mini sai na gani. Daga jikin bobin na ƙasa, wato ɗan baƙin kullin nan da ke aika wa buji wuta, wani siririn tartsatsi yana tsalle yana dira a kan ƙarfen inji. Wutar da ya kamata ta tafi buji, a hanya take zubewa. Bobin ya tsage, tsaga kamar gashi, in yana da sanyi tana haɗe, in ya yi zafi ta buɗe.

Na fito da kai na ce, "Na gani, Baba! Bobin na ƙasa ne!"

Ya ce, "Alhamdu lillahi. Nomau, kai mu gaɓa."

Da silinda ɗaya da filafili huɗu muka samu muka fita, can ƙasa da mashigi, a gefen da muka fito, itatuwan nan suna kusa har muna jin ƙarar ruwa a cikinsu. Mutane suka zo da igiya aka ja jirgi ta bakin gaɓa aka mayar da shi.

Sanin ciwo daban, magani daban. Bobin irin na injin nan babu shi a Dogarawa, babu a Konni, sai an aika Sakkwato ko Yawuri, kuma ba a san ranar zuwansa ba. Wani ya ce a naɗe tsagar da roba. Malam ya ce zai riƙe na ɗan lokaci, kuma ranar da zai saki a tsakiyar ruwa zai saki. Ya murza bobin a hannu, sannan ya ce, "Ina yaron da yak kawo mu? A turo mini moton nan."

Aka turo. Ya sa na buɗe gefe, ya lalubo bobin na moto da yatsu, ya bi wayoyinsa, ya tambaye ni kaurinsu da inda kowace ta nufa. Sannan ya ce, "Sahabi, wanga na iya yi. Ban yi maka alkawari ba, shina iya ƙonewa. In mun cire, motonka ya kwanta nan bakin ruwa sai an kawo wani daga Konni, ga shi gobe kasuwa. Abinka ne, in ka ce a'a ba wanda ka ganin laihinka."

Sahabi ya dubi moton. Ba nasa ba ne ma gaba ɗaya, na wani ne yake yi wa aiki, kuma ranar kasuwa ita ce ranar samu. Ya dubi ƙetare. Ya ce, "Ku cire, Baba. Ni ka yi ma mai shi bayani."

Mazaunin bai zo daidai ba. Na yanko ɗan ƙarfe daga wani tsohon kwano na lanƙwasa na huda, na kankare inda zai zauna har ƙarfe ya yi fari don wuta ta sami hanyar komawa, na sa robar tayar moto a ƙarƙashi saboda girgiza. Kowace waya na haɗa sai Malam ya bi ta da yatsa ya ja ya ji ko ta kama. Muka tayar, silinda biyu suka amsa. Jama'a suka yi kabbara, wasu har sun fara ɗauko kaya. Malam ya ce ba wanda zai shiga tukuna, ai da safe ma haka ya yi kuka a gaɓa. Ya sa aka sake ɗaura masa jarka. Muka yi ta kai da kawo da buhunan yashi har inji ya yi zafin da ya fi na ɗazu, muka ratsa wurin nan mai gudu ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, murya ba ta sake ba. Sannan ya ce a zubar da yashi.

Fiton farko marasa lafiya aka ɗauko. Mahaifiyar Sahabi tana ciki, kwance a kan tabarma, da wasu mata rungume da yara masu zazzaɓi. Sahabi ya shiga ruwa har ƙugu ya ɗauko ta a hannu ya kai ta kan amalanke. Ta kwana biyu a likita ta tashi. Washegarin gyaran na kai wa Sahabi sabon bobin na ɗaura a motonsa, na injin kuma sai bayan ruwa ya janye ya iso daga Yawuri na je na sa, amma har lokacin na moton nan bai ba Nomau kunya ba.

Ranar dai da la'asar sakaliya muka kamo hanya. Tunda moto ya kwanta, amalanken jaki ya kai mu bakin kwalta, muka sami taksin Konni. Nomau ya cusa mana ƙullin busasshen kifi, Malam ya rungume shi a cinya. Rigarsa duk ta yi baƙin hayaƙi da mai, ƙafafunsa sun yi fari da busasshiyar laka. Ya lumshe ido har na ɗauka barci yake. Mun wuce Tsarnawa sai ya taɓo gwiwata.

"Hashimu."

"Na'am, Baba."

"Wutar nan da kag gani, wane launi gare ta?"

Na ce shuɗiya ce.

"Shuɗi mai haske, ko mai ja-ja?"

Na ce mai haske, kamar walƙiya in hadari yana nesa, siririya, tana fita daga gefen bobin tana lanƙwasa kafin ta dira.

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya ce, "Haka take. Na daɗe ban gan ta ba." Mota ta yi ɗan tafiya, sannan ya gyara zama ya juyo da fuskarsa wajena. "Sake gaya mini. Daga ina ka ce take hitowa?"

Na sake gaya masa tun daga farko, yana saurare, har muka shigo gari.